Gurasar Jiya a Ƙofar Bagade

Duk wanda ya taɓa karɓar jibin Ubangiji a cocin ƙauyenmu ya ci daga hannun Fanus Sidrak, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ne mai gasa ƙurban, gurasar nan da ake ɗorawa a kan bagade. Ubansa ya yi aikin, kakansa ma ya yi, duk a ɗan ɗakin da ke bayan coci wanda muke ce wa Baitalami. Makullin ɗakin yana rataye a wuyan Fanus da wata igiya da zufa ta mayar baƙa, ko wanka zai yi ba ya cire shi. Matarsa Burbara takan ce da makullin aka ɗaura wa Fanus aure, ita rakiya kawai ta yo ta zauna.

A ido aikin ba shi da wuya. Garin alkama ne da ruwa da yisti, ba gishiri, ba mai, ba sukari. Mutum ya kwaɓa yana rera zabura, ya mulmula, ya danna hatimin katako mai gicciye, ya huda da tsinke, ya jira kwaɓin ya tashi, ya sa a tanderu. Amma akwai doka ɗaya da ba a wasa da ita: gurasar da ta kwana ba ta hawa bagade. Ranar da za a yi sujada, ranar ake gasa ta. Shi ya sa tun yana saurayi Fanus bai san daɗin barcin asuba ba. Kafin ladanin maƙwabtanmu ya kira salla, shi ya riga ya bi ta gefen gonar rake, ya naɗe wuya da mayafin ulu, yana tari yana buɗe ƙofa.

Gajere ne kakkaura, gashin hannunsa duk wuta ta lashe. Ba ya sha, ba ya caca, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Gurasarsa kuwa, a faɗi gaskiya, ko a birnin Asyut ba za ka sami mai kyanta ba: zagayayya, fuska sumul, gicciyen ya fito raɗau. Hali ɗaya ne da shi da ya ishi kowa. Fanus bai taɓa yin laifi ba, wato a bakinsa. In gurasa ta ƙone, iska ce ta shigo ta taga. In ya makara, Burbara ce ta kawar masa da takalmi. Da ya yi ta yi wa ɗansa Wisa faɗa har ɗan ya tattara ya koma Alƙahira, sai a bikin Ista ake ganinsa, cewa ya yi jinin gidan Sidrak ne mai zafi, gado ya yi, ba shi ya zaɓa ba. In ya duba gabas da yamma bai ga wanda zai shafa wa ba, to akwai Shaiɗan, wanda ba ya zuwa ya kare kansa.

Abuna Yustus, firist ɗinmu, shi ke sauraron furcin zunubansa shekara da shekaru. Tsoho ne mai farin gemu, idonsa ya yi rauni, kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya, amma bakinsa lafiya lau. Fanus da kansa ya ba mu labari, yana neman a tausaya masa, cewa wata rana yana durƙushe yana furci sai Abuna ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Fanus, ɗana, na ji zunubin matarka, na ji na mai gas, na ji na sanyi. Yaushe za mu iso kan naka? Bayana ya fara ciwo."

"Abuna, ai mu 'ya'yan Adamu ne. Tun daga can aka ɓata mana hanya."

"Adamu ya ci nasa, ya amsa tambayarsa. Rauni ya bar mana, bai bar mana hannunsa ba. Wannan hannun naka ne. Abin da ya faɗo maka ba ka nema ba, ba zan tambaye ka ba, Ubangiji ma ba zai tambaye ka ba. Abin da ka miƙa hannu ka ɗauka kana sane, shi nake zaune nake jira in ji."

Fanus ya fito yana girgiza kai, yana cewa tsufa ya fara taɓa Abuna, ba ya fahimtar magana.

To, a sanyin bana ne abubuwa suka tsuke masa. Sau biyu ƙurban yana makara, jama'a suna tsaye da azumin da ake yi kafin karɓar jibi a bakinsu suna jira. Shugaban kwamitin coci, Injiniya Ramsis, mutum ne mai duba agogo ko a wurin jana'iza. Ya daɗe yana cewa zamanin gado ya wuce, akwai wani Nashid da ya koyi gasa ƙurban a wurin sufaye, hannunsa da sauri, ga shi da babur. Rannan ya tare Fanus a farfajiyar coci, a gaban mutane.

"Kawu Fanus, muna ganin girmanka, muna ganin girman mahaifinka, Allah ya ba shi hutawa. Amma ranar Lahadi arba'in ɗin mahaifiyata. Baƙi za su zo daga Asyut. In aka sake jira, makullin nan zan karɓa. Kada ka ce ban faɗa maka ba."

"Ranka ya daɗe Injiniya, wancan karon ai yistin ne..."

"Ban tambaye ka wancan karon ba."

Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa Fanus. Mutum ya haura sittin, bai iya noma ba, bai iya ciniki ba. In aka cire masa igiyar nan daga wuya, shi kansa bai san sunan da zai amsa ba. Ko magana yake da kai, hannunsa yana ƙirji yana taɓa makullin.

Ranar Asabar aka yi sujadar safe, ƙurban ya fito lafiya, har guda biyar suka yi saura. Ya naɗe su a tsumma ya ajiye a kan kanta, da niyyar ya kai wa marasa lafiya in ya sami sarari. Da zai rufe ɗaki ya girgiza tukunyar gas, ya ji ta sakayau. Hilmi mai gas, wanda ke yawo da amalanken jaki yana buga tukwane da sifana, ya rantse zai kawo sabuwa kafin la'asar. La'asar ta yi, rana ta faɗi, ba Hilmi ba ƙarar sifana.

Burbara ta ajiye masa kwanon wake da albasa ta ce, "Baban Wisa, ɗauki ta gida mana ka kai. Ni na dafa shayi da karan masara gobe."

"In ɗauki tukunya a kafaɗa da wannan bayan nawa, Hilmi yana can ya miƙe ƙafa? Aikinsa ne. Shi ya yi alkawari."

"To alkawarin ne zai gasa maka gurasar?"

"Za ta isa. Na san nauyinta. Yau na fara aikin?"

"Ka san nauyinta, ni kuma na san naka," in ji ta, ta juya ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Da asuba sanyin watan Tuba, tsakiyar hunturunmu, ya sauko da gaske, irin mai shiga ƙashi. Fanus ya kwaɓa, ya rufe da bargo, ya jira. Kwaɓin ya yi nawa wajen tashi. Yana jan zabura haƙoransa na haɗuwa, rabin hankalinsa yana kan tukunya. Ya kunna tanderu, wuta ta kama shuɗiya, ya yi ajiyar zuciya. Ya jera gurasar ya rufe. Bai kai ƙarshen zaburar da ya fara ba ya ji ƙarar wutar ta sauya. Ya sunkuya ya leƙa. Harshen wutar ya koma ja, ya gajarce, ya yi rawa, ya mutu.

Ya girgiza tukunyar, ya kwantar da ita, ya zuba mata ruwan ɗumi, ya yi ta ƙyasta ashana har ya ƙone yatsa. Babu. Ya jawo farantin ya duba. Gurasar ta tsaya a tsakiya, ba ɗanya ba, ba gasassa ba, fara fat, ta fara lotsawa, gicciyen ya shafe. Ko yanzu aka kawo wuta, wannan ta riga ta tafi. Sabon kwaɓi kuwa, a wannan sanyi, kafin ya tashi ya gasu rana ta take.

Ya zauna a kan buhun gari, zufa tana karyo masa a cikin sanyin nan. Ya zagi Hilmi, ya zagi jakin Hilmi, ya tuna ɗakin da yake ciki ya yi alamar gicciye ya nemi gafara. A waje gari ya fara wayewa. Ya ji ana jan ƙofar ƙarfe ta coci.

A nan idonsa ya sauka kan tsumman da ke kanta.

Ba wanda ya raɗa masa komai, wannan zan iya rantse muku, don ba kowa a ɗakin sai shi. Ya daɗe yana kallon tsumman. Ya kau da kai, ya sake kallo. Ya sa hannu a tanderu ya ji da sauran zafi, bai isa gasa ɗanya ba, amma ya isa ɗumama ta jiya. Ya tashi ya warware tsumman. Ga su nan kyawawa, ba tabo, daidai yawan da ake kai wa firist ya zaɓa. Ya yayyafa musu ruwa, ya sa a tanderu ya rufe, ya juya ya ba su baya kamar ba shi ya sa ba. Da ya fito da su sun yi laushi, suna tururi, ƙamshi ya cika ɗaki. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kwando ya jera su. Lalatattun ya tura ƙarƙashin tebur ya rufe da buhu. Waɗanda ake rabawa a bakin ƙofa bayan sujada kuwa, ya shirya zai ce gari ne ya gaza.

"Hilmi ne," ya ce a fili, ba wanda ya tambaye shi. "Ubangiji ya ga Hilmi ne."

"Baban Wisa, ka manta farar rigarka."

Burbara ce a bakin ƙofa, da rigarsa ta dikon, mai taimaka wa firist, a hannu. Bai ji zuwanta ba. Mace ce da ta tsufa tana gasa gurasar gida, ba a ɓoye mata irin wannan. Ta kalli tanderun da ya yi shiru, ta kalli kwando, ta kalli tsumman da ke yashe a kanta, tsummanta ne ma. Sai ta ga bakin faranti yana leƙowa daga ƙarƙashin buhu.

"Na jiya ne waɗannan."

"Rage murya, baiwar Allah."

"Tambayarka nake. Na jiya ne?"

"Hilmi ne ya jawo. Da ya kawo tukunyar nan..."

"Hilmi yana gidansa yana minshari. Bai san akwai tsumma a kanta ba."

"To me kike so in yi? In je in ce wa Injiniya ya mayar da baƙinsa Asyut? So kike ki ga an cire mini makulli a gaban mutane? Gurasa ai gurasa ce. Gari ɗaya, hannu ɗaya, hatimi ɗaya. Kwana ɗaya ne kawai tsakani."

"In gurasa gurasa ce, me ya hana ka barci tun kana saurayi?"

Ta miƙa masa rigar.

"Ba zan tona maka asiri ba, kai mijina ne. Amma yau ba zan tashi in karɓi jibi ba. Zan zauna a wurina, mata su yi ta kallona, su ce Burbara ta yi wani abin kunya. Sai ka nemi wanda za ka ɗora wa wannan ma."

Ta ja mayafinta ta tafi, ta bar shi da riga a hannu.

Coci ya cika maƙil. Motocin baƙi sun tare hanya har bakin rafi. An kafa hoton marigayiya a gaba, an zagaye shi da furanni, Injiniya da 'yan'uwansa suna layin farko cikin baƙaƙen kwat. Hayaƙin turare ya tashi. Fanus yana tsaye cikin dikononi, kuma da yake shi ne babba a cikinsu, shi ke riƙe kwandon idan firist zai zaɓi gurasar hadaya. Kwandon bai kai kaza nauyi ba, amma ji yake kamar ya ɗauko dutsen niƙa. Duk inda ya duba, fuskar da ya sani ce. Ga masu yankan rake da suka fito ba su sa ko ruwa a baki ba. Ga tsohuwar da ke sayar da ƙwai a kan gada, an riƙo ta hannu, ta bar maganin safenta don ta samu ta karɓa. Dukkansu sun zo ne da yardar cewa abin da ke ƙarƙashin farin ƙyallen nan na yau ne, don ba wanda ya taɓa tunanin tambaya.

Sai ya sama wa kansa wata dabara a zuci. Abuna ya tsufa yana taɓa ƙurban, yatsunsa sun fi idonsa gani. Zai gane. In ya gane, shi ke nan, an kama shi, ba shi ya faɗa ba. In kuwa bai gane ba, ashe Ubangiji ya karɓa, kuma firist ne ya zaɓa da hannunsa, ba shi ba. Kun ga halin mutumin. Ko a bakin bagade, neman wanda zai yanke masa yake yi.

Abuna ya wanke hannu, ya fito ƙofar bagade ya fuskanci jama'a. Mura ta kama shi, idonsa yana ruwa, hancinsa ya yi ja. A ƙirjinsa akwai 'yar na'urar magana da Injiniya ya sayo bara, ba ta fi ƙwallon dabino girma ba, amma an haɗa ta da lasifikokin ciki da na kan rufi. Jama'a suka ɗauki roƙon jinƙan Ubangiji, suna maimaitawa, kuge yana bin su. Fanus ya matso da kwandon, ya yaye ƙyallen.

Abuna ya gicciya hannuwa a kan gurasar. Ya ɗauki biyu ya jujjuya, ya shafa fuskarsu da babban yatsa, ya ajiye ɗaya ya ɗauki wata. Ya danna gefenta kaɗan. Sannan ya ɗaga ta ya kai hanci. Tsohon ya ja hancinsa da ya toshe, ya sake ja, sai ya yi murmushi.

"Hannunka da albarka, Fanus. Har yanzu da ɗuminta."

Lasifika ta ɗauki maganar ta watsa. A layin farko Injiniya ya duba agogo ya gyaɗa kai, alamar ya gamsu.

Shi ke nan, ya tsira. Makulli ya zauna a wuyansa. Abin da ya rage kaɗan ne: Abuna ya shafa ta da ruwa, ya naɗe ta a ƙyalle, ya ɗaga ta sama ya zagaya bagade, daga nan ba a komawa baya. Ya kamata Fanus ya ji sanyi a ransa, amma tsoron da ya kama shi a lokacin ya fi na asuba nesa ba kusa ba. Ya saci kallon ɓangaren mata, ya ga Burbara ta sunkuyar da kai ta rufe fuska da mayafi. Ya laluba cikin ransa yana neman wanda zai jingina wa. Hilmi yana barci. Abuna ya yarda da shi ne kawai, kamar yadda ya saba. Har Shaiɗan ya nema, ya tarar muryar da ta yi ta magana a ɗakin nan tun asuba tasa ce. Ba kowa, daga shi sai hannuwansa biyu da ke riƙe da kwando.

Abuna ya fara juyawa.

"Abuna," in ji Fanus, da ƙyar muryar ta fito. "Ta jiya ce."

Ta ɓangaren kunnen da ya yi ritaya ya yi maganar, ga kuge, ga waƙa. Abuna ya dakata ya karkato kai.

"Me ka ce, ɗana?"

Ga ƙofa ta sake buɗe masa. In ya ce ba komai, ba komai ne. In kuwa yana so tsohon ya ji, dole ya sunkuyo ya ɗaga murya daidai inda na'urar take. Ya kalle ta. Ya san sarai inda maganar za ta kai. Duk da haka ya sunkuyo.

"Gurasar jiya ce, Abuna. Ban gasa yau ba. Ɗumama ta na yi."

Muryarsa ta fito ta kowane lungu na coci, ta fito ta kan rufi, ta kai har wurin mai shayi a bakin titi. Kuge ya tsaya. Waƙa ta ja ƙafa ta mutu daga gaba zuwa baya. Wata mata ta dafe ƙirji. Injiniya ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin.

Abuna ya tsaya da gurasar a hannu, sannan a hankali ya mayar da ita cikin kwando. Ya dubi Fanus da idanunsa masu ruwa, ya tambaye shi cikin taushi.

"Gas ɗin ne ya ƙare?"

Ba wanda bai san Hilmi ba a ƙauyen nan, ba gidan da bai taɓa bari da ɗanyen abinci ba. Tuni wani daga baya ya ce, "Hilmi kuma! Allah ya shirya Hilmi!" Gunaguni ya fara karkata can. Da Fanus ya ce e ya yi shiru, da rabin jama'a sun tausaya masa. Sunan yana kan harshensa, bakinsa ya saba da shi, har laɓɓansa sun shirya.

"Ya ƙare, Abuna. Amma an ce in ɗauko ta gida, na ƙi. Kuma ba gas ne ya jera su a kwando ba. Ni na jera su."

Abuna ya dube shi. Sai ya sa tafin hannu ya rufe na'urar, ya ce a hankali, "To, yau mun iso kan naka."

Ya juya ya gaya wa jama'a ba za a ci gaba ba sai an gasa sabuwa. Za a zauna a yi ta waƙa, wanda jikinsa ba zai iya jira ba ya tafi da salama. Kafin a nemi wanda za a aika, sai ga Burbara, wadda ta sulale tun da ta ji muryar mijinta a lasifika, ta shigo farfajiya da tukunyar gida a kanta, tana haki, ta ratsa ta tsakiyar baƙi ba ta kalli kowa ba. Ta dire ta a ƙofar Baitalami.

"Ga ta nan. Ka san nauyinta ai," ta ce, tana share hawaye da bakin mayafi.

Ya kwaɓa, ya rufe da bargo, ya zauna jira. Jiran nan ya yi masa tsawo. Ta taga yana jin motoci suna tashi ɗaya bayan ɗaya, yana jin wani baƙo yana cewa wannan wane irin ƙauye ne. Abuna ya lallaɓo ya zauna a bakin ƙofa ya saurari furcinsa, wanda bai taɓa yin mai gajarta irinsa ba, don ba sunan kowa a ciki. Sai bayan azahar aka gama sujada. Gurasar ba ta kai ta jiya kyau ba, amma ta yau ce. Tsohuwa mai ƙwai ta jira har ƙarshe, Burbara ta tashi cikin mata ta karɓa, Fanus ya tsaya a ƙarshen layin maza.

A farfajiya Injiniya ya same shi. Bai yi faɗa ba, hannu kawai ya miƙa. Wasunmu sun so Abuna ya sa baki, ni ma ina cikinsu, har yau kuma ina ganin Injiniya ya yi tsauri. Amma Abuna ya ce shi gafara aka ba shi ikon furtawa, makulli na kwamiti ne, kuma an gargaɗi mutumin. Fanus ya sa hannu biyu ya zaro igiyar ta kansa. Ta maƙale a kunne, ya ja ta fita. Inda ta kwanta shekara da shekaru ya bar farin layi a wuyansa, kowa ya gani. Ya ɗora makullin a tafin Injiniya. Mu da muka san shi muka yi ta jira ya ce wani abu, ya juya ya tafi gida.

Da la'asar yana zaune a dakalin ƙofar gida, hannunsa yana ta zuwa ƙirji yana dawowa wayam, sai ga ƙarar sifana a kan tukunya. Hilmi ya tsayar da jaki nesa kaɗan, don rabin labarin ya riga ya kai masa. Ya sauko yana sosa ƙeya, ya shirya shan zagi.

"Kawu Fanus, wallahi ba laifina ba ne. Layi ne a wurin ɗura gas, ka ga mutane kamar ranar tashin ƙiyama. Ga jakin nan ƙafarsa ta kumbura. Ga matata ba ta tashe ni ba, na ce mata tun jiya..."

Fanus ya bar shi ya yi ta zuba. Ya san muryar nan, ya tsufa yana jin ta daga ciki, yau ne kawai ya ji ta daga waje, kunya ta kama shi.

"Ka makara, Hilmi. Wannan naka ne, ka riƙe abinka. Sauran nawa ne."

Hilmi ya tsaya baki buɗe yana jiran zagin, bai zo ba. Ya waiga ya dubi jakinsa, ya dawo ya dubi tsohon.

"To... in sauke a Baitalami? Taso ka buɗe mini."

Fanus ya fara miƙewa, hannunsa ya tafi wuya da kansa, ya taɓa fata. Ya koma ya zauna.

"Wuce gidan Injiniya," ya ce. "Makullin yana can."